Hoton Kan Yaya Hajo

Tun da muka dawo daga Kano ban samu sakat ba. Mai sayen wake sai ya tambaya, mai zuwa shan shayi a ƙofar mangazata, inda nake tara wake, sai ya tambaya: "Alhaji Sanusi, wai da gaske an leƙa cikin kanka?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin yana ƙara ƙiba a bakin mutane. A kasuwar Gabi wani ya rantse a gabana, bai san ni ba ne, cewa an buɗe kan wani dillali na Madarunfa an wanke an mayar. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda abin ya faru, kowa ya huta.

Ga wanda bai san mu ba, ni dillalin wake da gujiya ne. Yaya Hajo kuwa uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ta goye ni, har yau da furfurata Auta take ce mini. Sana'arta suyar kifi a bakin hanyar tabki. Daminar da ta wuce Gulbi ya cika ya hau unguwarsu da hantsi. Ɗakinta ya faɗi, azara ta buge ta a kai, ruwa ya ja ta har Allah ya haɗa ta da reshen tsamiya. A kansa ta wuni, sai da la'asar masunta suka ɗauko ta a jirgi.

Raunin ya warke, amma Yaya ba ta dawo daidai ba. Barci ya ƙi ta, mantuwa ta kama ta, kuma in ta ji ruwa yana zuba da ƙarfi, ko daga bokiti ne, sai jikinta ya ɗauki rawa. Wata rana mai ga-ruwa ya tuntsurar da jarka a bayanta, ta bar mai a kan wuta ta ruga. Saura kaɗan rumfar suyarta ta ƙone ƙurmus.

Washegari babban ɗanta Lawali, mai sayar da kayan babur a Maraɗi, ya zo ya kwashe kaskonta da sauran kayan suya ya kulle a ɗaki, ya sa makulli a aljihu.

"Kawu, ruwa ya shiga kan Inna, kowa ya sani," in ji shi. "Gidana za ta koma. Ta zauna ta huta, ga tele, ga jikoki."

Lawali yaron kirki ne, tsoro ne ya kama shi. Amma ni na san Yaya. In aka zaunar da ita a ɗaki ba hayaƙi ba ciniki ba gardama, ba za ta ga wata damina ba. Ita ma ta ja ni gefe ta ce, "Auta, in ka bari sunka tahi da ni, ka nemi wata yayar."

Lokotoron da ya duba ta a Maraɗi ya ce tun da ta bugu a kai, yana son a ɗauki hoton cikin kan da wani babban inji, ko a Yamai ko a Kano. Ni kuwa Kano hanyata ce, kuma ta fi kusa. Muka yi magana da Lawali a gaban dattawa: zai jira mu dawo. In hoto ya nuna ɓarna, Yaya ta bi shi Maraɗi. In bai nuna ba, a sake zama.

Muka tashi da zafin bazara. Na ce mata kada ta ɗauki kaya da yawa, sai ga ta da ƙunshin bandar tarwaɗa, da ƙwaryar fura, da buta, da tabarma, kamar za mu Makka a ƙasa. A Ɗan Issa ƴan canji suka yo mini ca, kowa yana kaɗa damin naira, Yaya ta riƙe mini gefen riga tana cewa in kula da aljihuna, kamar ba a wannan hanyar na yi gemu ba. Daga kan iyaka zuwa Katsina an tambayi kardantenta, wato katin shaida, har ta gaji da kwance bakin zane. Daga baya sai ta soke shi a ɗankwali, a goshi, in an leƙo ta taga ta nuna da yatsa. Wani ma'aikaci ya yi dariya har ya dafa mota, ya ce, "Mama, ina za ki?"

"Kaina za a duba."

"Wallahi kanki lafiya lau. Allah ya kiyaye hanya."

A kusa da ita akwai wata mata mai suna Rahila, Kirista ce ƴar Maraɗi, za ta Jos wurin ɗiyarta da ta haihu. Tun daga Ɗan Issa suke hira. Da muka doshi gadar Jibiya na ga Yaya ta runtse ido, ta sunkuyar da kai.  Rahila ta kama hannunta ta ce, "Yaya, ni fa kullum in na yi banda sai kifin ya farfashe. Mene ne nake yi ba daidai ba?"

"Wuta kike cikawa," Yaya ta ce, murya can ƙasa.

"To da wane ice kike yi?"

Haka ta yi ta jan ta da tambaya har muka kai tsakiyar gada. Direba ya ce ai wannan shi ne Gulbin da ke bi ta wajenmu. Yaya ta ɗaga kai a hankali ta leƙa. Babu komai sai yashi da wasu shanu a kwance. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe ta nan kake biyowa, ɗan banza. Dube shi kamar ba shi ba." Motar duka aka kwashe da dariya. A tashar Katsina da za su rabu, Yaya ta kwance ƙunshinta ta zaɓi tarwaɗa mafi girma ta ce a kai wa maijego.

Kano ta ba ta mamaki, amma ba ta yarda ta nuna ba. Muka shiga a-daidaita-sahu, ta ce wannan ai kabu-kabu ne aka yi wa rumfa. Muka hau gadar sama, hanya bisa hanya, ta ce mutanen da ƙasa ba ta ishe su ba sai addu'a. Abin da ya fi damunta gaisuwar Kanawa. Mu a gida sai an tambayi gida da gajiya da zafi da yara da dabbobi. Can kuwa mutum yana gaishe ka ƙafarsa tana tafiya, kafin ka ce lafiya lau ya sha kwana.

Mun sauka wajen fatomana, Alhaji Uba, kusa da kasuwar hatsi, wanda a gidansa nake sauka tun ina kawo buhu biyu a bayan motar wani. Matarsa Hajiya Ladi ta karɓi Yaya hannu biyu, ta kawo mata fura mai sanyi da aka dama da inji, da sukari da kwakwa a ciki. Yaya ta kurɓa, ta ce, "Hajiya, alawar ga ta yi daɗi. Hurar fa, sai an jima?" Da dare aka yi tuwon shinkafa da miyar kifi, irin kifin nan na kwali da ke zuwa a ƙanƙare. Yaya ta juya shi da yatsa ta tambaya a wane ruwa aka kama shi. Aka ce a teku, can ƙasar Turawa. Ta ce lalle ya sha tafiya, da gani ya gaji. Kafin mu kwana biyu ita ke riƙe da madafin gidan, Hajiya Ladi tana gefe tana koyon yadda ake jiƙa banda a miyar kuka.

Da safen da za mu asibiti aka yi wani abu. Suna da tankin ruwa a saman soro, in ya cika sai ya yi ta kwarara a tsakar gida. Ina alwala na ji ruwan ya ɓarke, na juyo na ga Yaya ta manne da bango, idonta a buɗe amma ba mu take gani ba. Hajiya Ladi ta ruga ta kashe injin da ke tura ruwan, ta dawo ta zauna kusa da ita a ƙasa. Can Yaya ta sauke numfashi ta ce, "Kin gani ko? Abin da ya kawo ni ke nan." Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka yawon buɗe ido muka je.

Asibitin na kuɗi ne, mai tsabta, sanyi kamar cikin randa. Lokotoron mace ce, can likita suke cewa, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ɗiyata ba, amma ta iya sauraro. Ta bar Yaya ta ba da labarin tsamiya tun daga farko, ba ta katse ta ba. Sannan aka kai mu mu ga injin ta bayan gilashi. Wani ƙaton abu ne fari mai rami a tsakiya, da gado siriri da ke shiga ramin. A lokacin ana fito da wani mutum, a miƙe, an rufa masa farin zane.

Yaya ta ja da baya. "Auta, wanga ai kabari ne anka sa wa fitila."

Aka yi lallashi, aka yi bayani, ta ce ta ji, amma ba ta shiga. Na ce mata mun baro gida, Lawali yana jira, in muka koma hannu biyu ya ci gardama. Ta dube ni ta ce, "Kai da ba ka sayen buhu sai ka soka ka gani, ni za ka tura cikin abin da ba ka taɓa shiga ba? Shiga ka fito in gani."

Likita ta yi murmushi ta ce injin ba abin wasa ba ne, ba a sa mai lafiya. Yaya ta ce, "Wa ya ce miki lafiya gare shi? Shekara da shekaru yana fama da ciwon kai, kullum da ƙullin magani a aljihu. Tambaye shi." Gaskiya ta faɗa. Likita ta yi mini tambayoyi, ta haska idona, ta ce to, ciwon kan da ya daɗe haka bai kamata a ƙyale shi ba. Haka na zo rakiya na zama majinyaci.

Injin nan maganaɗisu ne, ba ya shiri da ƙarfe ko na ƙwayar allura. Ma'aikaciyar ta karɓi agogona da salula da makullai da zobe. Ta ce saura. Na ce babu. Ta zaga ni da wani abu mai ƙara, ya yi kuka a ƙuguna. Dole na kwance gurun da nake ɗaurawa in zan yi doguwar tafiya, mai zobban ƙarfe, na miƙa shi a gaban Yaya. Ta karɓa ta auna nauyinsa a hannu.

"Alhaji guda," ta ce. "Ashe kai ma da naka tsoron kake yawo."

Aka kwantar da ni, aka toshe mini kunnuwa, aka kife mini wani abu kamar kwando a fuska, aka ce ko yawu kada in haɗiya da ƙarfi. Gadon ya ja ni ciki. Jama'a, na shiga rumbu, na kwana a ƙarƙashin kamyo, babbar motar kaya, a daji, amma ban taɓa jin ƙunci irin wannan ba. Sai ƙara ta tashi, kamar an tara maƙeran Maraɗi duka a cikin tulu an ce su yi gasa. Na karanta duk abin da na haddace, na koma farko. Hancina ya yi ƙaiƙayi kamar ya san ba dama. Da aka fito da ni rigar asibitin ta jiƙe sharkaf.

Yaya ta tare ni a ƙofa. "Ka ji tsoro?"

Na so in ce a'a, amma na ga tana kallon zufar. Na ce, "Na ji, Yaya. Amma ba ya taɓa mutum. Ƙara ce kawai."

"To madalla. Da ka ce ba ka ji ba, da ban shiga ba."

Nata shirin ya fi nawa daɗewa. Ƴan kunne da warwaro ba su yi wuya ba, layar da ke cikin kitsonta ma ta ciro ta damƙa mini. Rigimar a kan kwalli aka yi. Ma'aikaciyar ta ce sai an wanke shi tas, don akwai ƙarfe a cikinsa, yana ɓata hoto. Yaya ta ce tun tana budurwa namiji bai taɓa ganin idonta ba kwalli ba, yanzu kuma hoto za a ɗauka, a ce ta fito kamar mai takaba? Sai da aka rantse mata cewa fuska ba ta fitowa sannan ta wanke. Na tsaya a bayan gilashi ina kallon tafin ƙafarta mai lalle, shi kaɗai ya rage a waje. Ina jira in ga ya motsa in ce a tsaya. Bai motsa ba har aka gama. Da ta fito ta ce masu luguden cikin nan ba su iya ba, kowa da inda taɓaryarsa ta nufa.

Washegari likita ta manna hotunan a jikin fitila. Baƙaƙen faifai ne manya, kowanne da ƙananan hotuna jere, kamar an yanka kabewa fale-fale. Ta ce babu jinin da ya kwanta, babu ƙari, babu abin da azara ta fasa. Na nuna wani baƙi a tsakiya mai kama da malam-buɗe-littafi na ce wannan fa? Ta ce ruwa ne, amma ba na Gulbi ba. Da shi Allah ya halicci kowa, ruwan waje ba shi da hanyar shiga can.

Na ce, "To likita, ina tsoron yake? Nuna mini shi in kai wa ɗanta."

Ta nuna wani wuri da bai fi ƙwayar gujiya ba, ta ce wannan shi ne mai gadi, shi ke ihu in haɗari ya zo. Kusa da shi kuma akwai ma'ajiyar abin da mutum ya gani. Ta ce masana da suka gwada kawunan mutane da yawa da suka tsira daga ambaliya ko girgizar ƙasa da na waɗanda abin bai shafa ba sun ga wuraren nan sukan ɗan sauya. Amma sauyin ƙanƙane ne, sai da awo, sai an tara kawuna da yawa. A hoton mutum ɗaya ido ba ya gani.

"Alhaji, kai ma ba za ka ɗauki ƙwayar wake ɗaya ka faɗi yadda gonar ta yi ba," in ji ta. Ta juya wajen Yaya. "Mama, ba hauka ba ne. Mai gadinki ne ya ga ɓarawo sau ɗaya, yanzu ko kyanwa ta gifta sai ya yi ihu. Ana koya masa ya kwantar da hankali, amma a hankali. Akwai masu wannan aikin a Maraɗi, zan rubuta musu. Kuma kada a raba ki da sana'arki, zaman banza ƙara masa ƙarfi yake."

Ni kuma aka ce kaina ba komai, in rage shayi in je a auna jinina.

A hanyar dawowa ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya tambayi abin da ke cikin ƙatuwar ambulan. Na ce kawuna ne. Ya zaro ɗaya ya ɗaga wa rana, ya daɗe yana kallo, ya mayar a hankali da hannu biyu ya ce mu wuce, Allah ya sawwaƙe. Ni kuwa tunanina yana wajen Lawali. Bayanin likita da Ingilishi aka rubuta, shi kuma lakwal, wato bokon Faransanci, ya yi. Na san hoton zai ɗaga, kuma na san abin da idonsa zai fara faɗawa a kai.

Aka taru a rumfar gidana bayan la'asar, da Lawali da dattawan da aka yi maganar farko a gabansu. In mai saye ya cika mini baki cewa ya san waken Gabi daga na Safo, ba na gardama da shi. Nakan zuba masa biyun a faranti in ce ya nuna. Haka na yi. Na manne sunayen da ke gefen faifan, na ajiye biyu a kan tabarma.

"Lawali, ɗaya na Innarka ne, ɗaya nawa. Ni ruwa bai taɓa ja na ba. Nuna mana wanda ruwa ya shiga."

Ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan, ya haɗa su, ya matsa wajen haske. Dattawa suka miƙa wuya. Can ya dangwala yatsa a kan malam-buɗe-littafin da ya fi girma ya ce, "Ga shi nan. Ga ruwan kwance."

Na ɓare mannin na miƙa masa ya karanta da kansa. Sunana ne.

Dariya ta ɓarke har wani dattijo ya ƙware. Wani ya ce to a kulle ma'aunin Alhaji a kai shi Maraɗi ya kalli tele. Na faɗa musu abin da likita ta ce, ban rage ba ban ƙara ba. Amma Lawali bai yi dariya ba. Ya ajiye faifan ya ce, "Kawu, na yarda ruwa bai shiga ba. Amma ni na ga rumfar Inna da idona. Hoto ba ya kashe wuta. In ta sake gudu mai ya zubo mata fa?"



Yaya ce ta yi magana. "Gaskiyarka, Lawali. Tsoron yana nan, ban ɓoye ba, kuma ba Kano anka bar shi ba. To ji. Ba ni ƙara suya ni kaɗai, Tabawa maƙwabciyata za ta kawo kaskon ƙosanta kusa da nawa. In hadari ya taso, in sauke mai tun bai zo ba. Duk wata in zo Maraɗi wurin lokotoron da anka ce, kai za ka kai ni, in kwana gidanka, in ci tuwon matarka ko da gudaji. Amma kwana ɗaya. Ba ni makullina."

Ta miƙa hannu, ta bar shi a miƙe. Lawali ya dube ni, ya dubi dattawa, ba wanda ya taimake shi. Ya sa hannu a aljihu.

Ruwan farko na bana ya sauka ranar wata kasuwa da azahar. Tun da gabas ta yi baƙi Yaya ta sauke mai, ta bar wa Tabawa rumfa, ta taho mangazata ta zauna a kan buhu can ciki. Da ruwan ya fara dukan kwano jikinta ya ɗauki rawa kamar yadda ya saba. Na zauna kusa da ita. An daɗe ana yi. Da ya ɗauke ta zauna kaɗan, sannan ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta leƙa waje.

"Auta, ba ni ashana," ta ce. "Tawa na bar ta a rumfa, ta jiƙe."